Tsamiyar Bakin Gona

Ni ne na yi laifi, kuma tun ranar da na yi shi na san laifi ne. Na sa an sare tsamiyar da ke bakin gonarmu ta gado, wadda ƙanena yake zama a gindinta. Na yi haka ba ya gari, ban kuma shawarce shi ba. Shekaru da yawa duk wanda ya tambaye ni sai in ce yunwa ce ta sa. An yi yunwa, wannan gaskiya ne, amma ba ita ta sa ba. Na gaji ne da ganin mutumin da zama shi kaɗai ya fi masa zama da mu daɗi. Karatuna bai yi nisa ba, daga allo sai 'yan shekaru a firamare, saboda haka yadda abin ya faru kawai zan faɗa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Bici. A wajenmu babu jeji. Gona tana jikin gona, gidaje suna tsakiyar gonaki, in ka tsaya a ƙofar gidanku kana hango ƙofofi biyar ko shida. Iyaka tsakaninka da maƙwabci ba ta wuce layin gamba da kakanni suka dasa ba. In ka yi tari a gonarka wani zai ce maka sannu daga tasa. Ni wannan bai taɓa damuna ba. Tun ina yaro mutum ne ni mai son taro. In na wuni ban yi surutu ba sai in ji kamar ban ci abinci ba.

Ƙanena ba haka yake ba. Mu biyu ne maza, kuma da Baba ya rasu gandu ya dawo hannuna, muna noma tare, muna ci daga rumbu ɗaya. Ba rago ba ne, ya fi ni riƙe fartanya. Ba kuma mai girman kai ba ne. Yana gaida kowa yadda ya kamata, yana zuwa suna da ɗaurin aure da jana'iza, sai dai da zarar an shafa fatiha za ka neme shi ka rasa. In an yi gayya, kunyar gefe yake kamawa, can nesa da makaɗi, ya kai ta ƙarshe ya juyo ba ka ji bakinsa ba. In an yi la'asar kuma sai ya tafi gindin tsamiya da kabarsa, yana tufkar igiya har rana ta yi ja. A tsakanin rassan tsamiyar yake ajiye kabar, don kada awaki su ci. Duk faɗin unguwarmu nan ne kaɗai wurin da hanya ba ta bi ta kusa ba, kuma mutane ba sa son raɓar tsamiya da yamma, saboda abin da ake cewa tana ajiyewa.

Muna da ciyayya a ƙofar zaurenmu. Bayan magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa, a haɗa, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Nan nake sarauta. Ni ke tayar da zance, ni ke rufe shi. Ƙanena yakan zo da kwanonsa, ya ci, ya wanke hannu, ya saurari zance kaɗan, sannan ya miƙe ya ce sai da safe. Akwai wani maƙwabcinmu, dillalin awaki, mai baki kamar reza, ba ya barinsa ya tashi lafiya.

"Na tsamiya, har za a tafi? A gaishe mana da mutanen. Ka ce musu in akwai ragowar tuwo muna nan."

"Za su ji," in ji ƙanena, ya ɗauki kwanonsa.

Ni kuwa maimakon in tare masa, sai in ƙara. Nakan ce su ƙyale shi, mudu ɗaya na magana aka auna masa ranar suna, shi yake tattali kada ya ƙare kafin ya tsufa. A yi ta dariya. Shi ma yakan yi murmushi, shi ya sa na ɗauka ba ta shigarsa.

Amma a cikin raina abin ba wasa ba ne. Kunya nake ji. Ina ganin kamar duk tashin da ya yi daga cikinmu cewa yake yi ba mu isa ba, kuma ni yake fara nufi. Wata damina, dawa ta yi tsawo, na bi bayansa na laɓe a cikin kara don in ga abin da yake yi. Na daɗe a tsugune har ƙafata ta yi sanyi. Ya yi tufka. Ya tsaya ya kalli tururuwa tana jan wani abu. Ya jingina da itacen ya lumshe ido. Ya sake ɗaukar kaba. Ba wanda ya zo, mutum ko aljan, bai kuma yi magana da kowa ba. Fuskarsa a sake take, irin sakewar da ban taɓa gani ba a ƙofar zaure. Da na gan shi yana magana da iska da abin ya zo mini da sauƙi, sai in ce ciwo ne. Amma na ga ba komai a wurin, kuma wannan ba komai ɗin ya zaɓa ya bar mu. Na koma gida raina a ɓace.

Na je wurin limamin unguwarmu na ce a yi wa ƙanena rubutu. Malam ya tambaye ni ko yana sallah cikin jama'a, na ce yana yi. Ko yana ciyar da iyalinsa, na ce yana yi. Ko yana duba mara lafiya, na ce ya fi ni. Sai ya ce to me za a rubuta masa, shiru ai ba ciwo ba ne, sai dai in ni za a rubuta wa in sha. Na yi dariya na tashi, ban ɗauki komai ba.

Inna ma ta faɗa. Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. In tana da abin faɗa mini sai ta faɗa wa ƙwaryar da ke gabanta ina tsaye. Ranar nan ta ji ina yi masa faɗa a tsakar gida kan ya bar wani taron biki tun kafin a raba goro. Bayan ya fita sai ta ce wa ƙwaryar: "Rijiyar bayan gida ma in an kwashe ta da safe sai an bar ta ta tara. Wanda ya ci gaba da zura guga, laka zai jawo." Na ji ta sarai. Na ɗauka tausayin uwa ne ga ɗan auta.

Daga nan sai shekarun wahala suka shigo. Shekarar farko ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Muka tsaya muna kallonsa yana bushewa a tsaye. Shekara ta biyu muka yi shuka sau uku, ta ukun da irin aro. Ban iya tuna wani baƙin ciki mai zafi a lokacin ba. Abin da nake tunawa shi ne komai ya yi nauyi, kuma komai ya zama ɗaya. Ka tashi, ka dubi gabas, ka koma ka zauna. An yi roƙon ruwa, an dawo. Awaki suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Samari suka tafi birni. A ciyayya kwanoni suka ragu, wanda aka buɗe kuma sai ka ga tafasa ce ko rama da ɗan barbaɗin ƙuli-ƙuli. Wasu suka daina fitowa don kada a ga ba su da abin fitowa da shi. Waɗanda suka rage muka ci gaba da zama, amma zancen ya yi tsami.

Mai jin yunwa yana neman wanda zai ɗora wa. Aka fara lura cewa ƙanena ba ya kuka da halin da ake ciki. Ya rame kamar kowa, amma ba ya faɗa, kuma har yanzu in an yi la'asar yana tafiya gindin tsamiya. Wasan dillali ya daina zama wasa. Wani dare muna wanke hannu ya ce shi da idonsa ya ga hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, da ya zo daidai tsamiyarmu sai ya rabe biyu ya watse. Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijo ya ce a daina irin wannan magana, amma ya faɗa ne a hankali, yana kallon ƙasa. Mata suka hana 'ya'yansu bi ta gonarmu. Aka rage sayen igiyarsa.

Ni na san ƙarya ne. Ni kaɗai ne a garin na taɓa laɓewa na gani. Da na buɗe baki na ce na je na duba, tufka kawai yake yi, da maganar ta mutu a wurin, don ana jin maganata. Ban ce ba. Na ga mutane sun fara yin shiru in na iso, na ji tsoron kada sarautata ta ƙofar zaure ta tafi. A ƙasan wannan tsoron kuma akwai tsohon haushin nan.

A lokacin masu itace suna yawo da mota daga birni, suna sayen manyan itatuwa a tsaye, su sare su kai gidajen burodi. Mun rage da sa ɗaya, ba harawa, ba dusa. Na ce wa ƙanena ya kora shi wurin kawunmu a ƙasar Shanono, inda har yanzu akwai ɗan abin kiwo. Tafiyar ƙafa ce, da zuwa da hutawa da dawowa sai ya yi kwana huɗu. Ya ce to. Ya fita da asuba, kafin azahar na kai masu gatari gindin tsamiya.

Kwana biyu suka yi suna sara. Duk unguwa ana jin ƙarar gatari, ba wanda ya zo ya tambaya. Inna ba ta fito daga ɗaki ba. Da itacen ya faɗi ƙasa ta girgiza har cikin gida, kaji suka watse. Na tsaya ina kallo ban ji komai ba. Abin da aka ba ni na auno hatsi da shi, bai kai mu ƙarshen wata ba. Tsamiyar da ake yi mana kunu da ita duk azumi, wadda Inna take sayar da 'ya'yanta ta sayi gishiri, ta tafi a bayan mota.

Ƙanena ya dawo da yamma. Ta bakin gona hanyarsa ta biyo, saboda haka ya gani kafin ya shigo gida. Ina hango shi daga ƙofar zaure. Ya tsaya a gaban kututturen, ya daɗe, hannunsa a baya. Sannan ya ƙaraso, ya yi sallama, ya gaishe ni, ya faɗa mini kawu yana gaisuwa, sa ya isa lafiya. Na riga na shirya maganata, ta yunwa da ta yara da ta bakin mutane. Na fara ke nan sai ya ce:

"Yaya, da ka bari na kwashe kabata."

Iyakar abin da ya ce ke nan, a ranar da kuma bayanta.

Na sami abin da nake so. Ya fara zama a ciyayya har a tashi, don ba shi da wurin zuwa. Gidanmu cike yake, matata da 'ya'yana, matarsa da 'ya'yansu biyu, ga Inna, ga mata masu shigowa aron wuta da aron turmi. A waje kuwa duk inda ya tsuguna wani zai hango shi ya taho gaisuwa. Sai ya zauna a cikinmu kamar turke. Dillali ya ce ai ga shi nan an raba shi da mutanensa ya dawo cikin 'yan Adam. Na ji daɗi, na ɗauka na yi gyara.

Bai yi wata biyu ba ya fara canzawa. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya daka wa 'yarsa tsawa don ta zubar da ruwa. Ya doki jakin maƙwabci da ƙotar fartanya. In ana magana da shi sai ka ga idonsa yana wani wuri. Hannunsa ya daina tufka, ya ce igiyar ba ta miƙewa.

Wata rana da azahar aka neme shi aka rasa. Matarsa ta zagaya bayan gida, ta ga jinkar rumbu a karkace. Rumbun ya daɗe ba ko zangarniya ɗaya a ciki. Ta leƙa, ta same shi zaune a ƙasan rumbun, ya haɗa kai da gwiwa, cikin zafin nan da ƙaiƙayi. Ashe ya yi kwanaki yana shiga. Ta so ta rufa masa asiri, amma wata mai aron turmi ta gani. Kafin magariba duk unguwa ta ji cewa mutanen tsamiya sun biyo shi gida, ya haukace, yana kwana a rumbu.

Matarsa ta same ni a zaure. Mace ce mai kunya, tun da aka kawo ta ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce lafiyarsa ƙalau, ita ta sani, shekara bakwai tana zaune da shi. Ta ce in ya dawo daga gindin tsamiya yakan yi wasa da yara, ya ba ta labari, har ya sa ta dariya. Tun da aka sare ba ta ƙara ganin wannan mutumin ba.

"Yaya, ba gudunku yake yi ba. Zuwa yake ya huta ya dawo muku. Yanzu ina zai je?"

Na ce mata ta tashi ta shiga gida, maganar maza ce.

Bayan sati ƙanena ya zo ya ce zai koma wurin kawu da iyalinsa. Na yi tsammanin zai ce a raba gandu, na ma shirya faɗa a kan haka. Bai ce ba. Ya ce in ci gaba da nomawa, in Allah ya kawo ruwa in aika masa abin da ya sauwaƙa. Suka ɗora kayansu a jaki. Inna ta raka su har bakin hanya, ta dawo ta zauna a gaban ƙwaryarta. Na tsaya a kusa ina jira ta faɗa wa ƙwaryar wani abu. Ba ta ce komai ba.

Ruwa ya dawo, kamar yadda yake dawowa. Rumbu ya cika. Kwanonin ciyayya suka dawo, aka manta da zancen hadarin da ya rabe biyu, dillali da kansa yakan tambaye ni ya labarin mutumin kirki. Na ci gaba da tayar da zance ina rufewa. Duk kaka ina aika masa dammunansa ta hannun wani, ban taɓa kaiwa da kaina ba. Shi kuma duk sallah yana zuwa gaida Inna, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi yara, ya juya a ranar. Ba ya bi ta bakin gona. Ba mu yi faɗa ba, ba mu kuma shirya ba. Haka muka yi shekara tara. In na ce ina cikin nadama a shekarun nan na yi ƙarya. Wurin ya mutu ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Sai Inna ta rasu. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, na zauna karɓar gaisuwa. Mutane suka yi ta zuwa, daga unguwanni, daga Bici, har daga Gezawa inda danginta suke. Kowa ya zo sai ya ce ya haƙuri, in ce da godiya, a yi addu'a, a shafa, wani ya matso. In gaisuwa ta lafa sai a shiga zancen taki da farashin gyaɗa, ana juyowa wurina ana jira in ɗora, don an saba. Rana ta farko na iya. Rana ta biyu na ji bakina yana motsi ba ni a ciki. Rana ta uku, bayan an yi sadaka, na ji in mutum ɗaya ya ƙara ce mini ya haƙuri zan iya zaginsa. Ban ƙi kowa ba, duk masoyana ne. Abin da zan ba su ne ya ƙare.

Da aka yi la'asar na ce zan zaga. Na bi ta bayan gida, na wuce rijiya, na wuce rumbu. Ina neman inda ba za a hango ni ba, na duba gabas da yamma, babu. Ƙafata ta kai ni bakin gona. Kututturen yana nan, ya yi baƙi, ba inuwa ko ta tafin hannu. Ƙanena yana zaune a gefensa, cikin rana, ya ba gari baya. Ya zo makokin tun ranar farko, ban ma lura da lokacin da ya tashi daga tabarma ba.

Ya ɗago ya gan ni, ya matsa. Na zauna a ɗaya gefen. Bai ce ya haƙuri ba. Muka zauna har rana ta yi ja. A nan ne na fara tuna fuskar Inna, wadda kwana uku ina nema cikin hayaniya ban samu ba. A nan ya kamata in faɗa masa. Aka kira magariba, muka tashi, washegari ya tafi.

Bayan tafiyarsa na koma wurin ni kaɗai, sai na lura kututturen yana fitar da toho daga gefe, awaki suna cinyewa. Da alama duk shekara yana yi, ban taɓa zuwa na gani ba. Na saro ƙaya na kewaye shi.

Da kaka ta yi na ɗora dammunansa a amalanke na kai da kaina. Gidansa yana ƙarshen ƙauyen kawu, bayansa fili ne har inda ido ya tsaya. Na isa bayan la'asar. Matarsa ta yi mini shimfiɗa, ta kawo fura. Ta yi ƙiba, bakinta ya buɗe. Ta ce ita ke zuwa bukukuwan garin ta wakilci gida, shi kuma ya je ɗaurin aure ya dawo, ba wanda yake ganin laifinsa. Da safe yana zagayawa ya gaida maƙwabta gida gida. Duk rijiyoyin yankin igiyarsa ce a jikin gugansu. Masu neman shawara suna zuwa masa ɗaya ɗaya, don an san abin da aka faɗa masa ba ya fita. Yana da aboki, wani Bafulatani makiyayi, sukan zauna tare rabin yini, in aka tara abin da suka faɗa bai cika cokali ba.

Na tambaya ina yake. Ta nuna mini wani itacen marke can bayan gida. Ta ce tsakanin la'asar da magariba ba a zuwa, yara ma sun sani, mutanen gari ma sun sani. Ba doka ya kafa ba, da suka zo ne ya faɗa wa kawu a fili cewa shi haka yake, yana son mutane amma yana gajiya da su, in an bar masa wannan ɗan lokacin sauran yinin nasu ne. Kawu ya ce wannan ai ba abin wahala ba ne. A gidanmu bai taɓa faɗa ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Da ya faɗa ma, na san abin da zan yi da maganar a ƙofar zaure.

Na ce zan jira. Na zauna a kan tabarma ina hango shi, ƙarami a gindin itacen, hannunsa yana tafiya a kan cinyarsa. Can sai ya juyo, ya gane ni, ya ɗaga hannu ya yafito ni. Matarsa ta ce ba ta taɓa ganin ya kira wani wurin ba.

Na je. Muka gaisa gajeriyar gaisuwa. Ya tura mini ɗan dutsen da yake ɗora ƙafa, na zauna. Ya ci gaba da tufka. Gashin kansa ya fara fari, ban taɓa lura ba. A reshen marken na ga damin kaba a maƙale. Duk hanya ina shirya dogon bayani, amma da na zauna sai na ga mafi yawansa kare kai ne, na bar shi ya zube. Na jira har igiyar da ke hannunsa ta kai ƙarshe ya ɗaure bakinta.

"Ɗan Inna," na ce, "ba yunwa ce ta sa na sare tsamiyar nan ba. Na taɓa laɓewa na gan ka, na san tufka kawai kake yi, aka yi maka ƙazafi ina zaune na yi shiru. Na tura ka Shanono ne don in sare ba ka nan. Wuri ɗaya kake da shi a duk garin, na ɗauke maka, har ka shiga rumbu, har ka bar gidan ubanka. Kututturen ya yi toho, na kewaye shi da ƙaya, amma ni da kai ba za mu ga inuwarsa ba. Ban zo in ce ka dawo ba. Na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah."